Kaushin Ƙafar Kakata

Assalamu alaikum ma'aikatan wannan mujalla da masu karanta ta. Ni 'yar Damagaram ce, kuma ina roƙon a sakaya sunana, ko da yake duk wanda ya san gidanmu zai gane ni tun bai kai rabin shafi ba, don ba a haifi yara biyu masu irin aikina a unguwa ɗaya ba.

Lokacin da abin ya faru, bazarar bara waccan, ina da shekara goma sha biyar, ina kwaleji, kuma ni ce autar gidanmu. Idan aka ji kwano ya faɗi a madafa, sunana ake fara kira kafin a je a duba ko mage ce. Bakina ba ya hutawa. Mama takan ce da ana auna surutu da tiya a kasuwa, da tuni na kai ta Makka na dawo da ita. Ban da surutu ina da wata cutar, wato duk abin da na gani a salula sai na gwada. Yayata ce ta bar mini tsohuwar wayarta mai tsagaggen gilashi da ta yi aure, kuma ta wannan tsagar na ga duniya. A ciki na ga mata masu fata kamar an wanke su da madara, suna cewa dole mace ta kula da kanta a lokacin zafi, ta bar kayan sinadari ta koma ga kayan da aka yi da ganye da itace, waɗanda ba sa ɓata jiki kuma ba sa ɓata ƙasa. A lekol kuma mushen da ke koya mana kimiyya ya kafa ƙungiyar kare muhalli, na shiga, har aka ba ni muƙamin da ni kaina ban san aikinsa ba. Daga nan gidanmu ya shiga uku. Na hana kowa sakat a kan leda. Idan Baba ya shigo da tsire a baƙar leda sai na tsare shi a ƙofa na yi masa wa'azi a kan awakin da ke mutuwa da leda a cikinsu, in na gama wa'azin in zauna in cinye tsiren.

A wannan bazarar Kaka, mahaifiyar Baba, tana gidanmu. Ita mutuniyar wani ƙauye ne a ƙasar Dogo. Duk shekara idan an gama kai amfanin gona rumbu, rani ya yi nisa, sai ta zo birni ta zauna da mu, da zarar ta ji ƙanshin hadari kuma ta ɗaure ƙullinta ta tafi, ko sallamar kirki ba ta tsayawa yi. Tana da gayaunarta, 'yar gonar da marigayi kakanmu ya yanka mata tun tana amarya. Rabinta tudu ne mai rairayi, rabi kwari ne inda ruwa ke kwanciya. A tudun take shuka gero da wake, a kwarin dawa da kuɓewa da yakuwa. Tana da rumbunta ita kaɗai, ba ta roƙon kowa hatsi, kuma ita ke aiko mana da busasshiyar kuɓewa da soɓorodo, tana cewa a ba 'yan birni kada yunwa ta kashe su. Baba da ƙaninsa, Baffa, wanda shi ke noman gandun gidan a ƙauye, sun daɗe suna lallashinta ta huta, a haɗe gayaunar da gandu, ita kuma ta zauna a birni ta sha fanka. Amsarta ɗaya ce kullum. Takan ce ranar da ƙafarta ta kasa rufe ramin shuka su ɗauki gonar, ta ba su, amma kafin wannan ranar duk wanda ya taɓa mata ita ba ta yafe ba.

Ɗaki ɗaya muke kwana da ita, kuma wasan jika da kaka a tsakaninmu ya wuce na kowa. Tana kirana mai bakin ganga, ina kiranta tsohuwa mai ran ƙarfe. Abin da na fi tsokanarta da shi kuwa ƙafarta ce. Wallahi tafin ƙafar Kaka ya fi tayar babbar mota kauri. Da tsakar rana, lokacin da sumuntin tsakar gidanmu ke iya soya ƙwai, ni sai na riƙa tsalle kamar fara a kasko, ita kuwa ta ratsa ba takalmi tana tafiyar hawainiya, har ta tsaya a tsakiya ta gyara ɗaurin zani. Wata rana ta taka garwashi a bakin murhu, ba ta sani ba, sai da ta ji ƙauri ta tambayi Mama wa ke ƙona tsumma. Idan ta goga dugaduganta a tabarma sai ka rantse kafinta ne ke aiki da zarto. Amma akwai abin da ba na dariya ba. Dugaduganta suna da faso masu zurfi, kuma in zafi ya tsananta sukan tsage har su yi jini. Na sha ganinta bayan sallar asuba tana cusa man kaɗanya a ciki tana cije leɓe, in ta ga ina kallo ta wayance. Sannan a wani bikin suna a unguwarmu na ga wasu 'yan mata suna nuna ƙafarta da baki suna ƙunshe dariya. Ni kaina ina mata dariya kullum, amma da na ga bare na yi sai na ji kamar an mare ni.

Da kuɗin barka da sallar da na tara muka hau kabu-kabu ni da wata ƙawata muka tafi wata sabuwar butik da ake ta yayatawa a waya. Muna shiga sanyi ya buge mu har na manta da sunan unguwarmu. Komai a ciki an naɗe shi da takarda mai ruwan ƙasa, an zana masa koren ganye. Matar da ke sayarwa tana magana a hankali kamar ana zuba zuma, kowane abu ta ɗauka sai ta ce na halitta ne, ba ya cutar da mutum, ba ya cutar da ƙasa. Na sayi sabulun da ba shi da leda, da burushin haƙori na gora, da soson wanka na tsiro, da man da ke hana rana ƙona fuska. Ina shirin fita idona ya faɗa kan wani ɗan kwali mai hoton ƙafa, ƙafa mai santsi kamar ta jinjiri, an kewaye ta da ganyaye da furanni. Matar ta ce safa ce mai ruwan magani a ciki, a sa a zauna na ɗan lokaci, a cire a wanke, bayan 'yan kwanaki duk kaushi ya zube kamar maciji ya yi saɓa. Ta tambaye ni ko ni zan yi amfani da ita, na ce mata e, don ina jin kunyar in ce ta kakata ce. Ta ci gaba da wani bayani wanda na ji ta ambaci ciwo ko rauni a ciki, amma a lokacin ina ɗaukar kaina hoto a gaban madubinta, kuma hoton ya fi bayanin muhimmanci a wurina. Na ɗauki kwali biyu, ɗaya nata ɗaya nawa. Ban ma lura cewa safar kanta leda ba ce, ni shugabar yaƙi da leda.

Da na dawo na baje kayan a tabarma ina jiran yabo. Kaka ta ɗauki soson nan ta jujjuya, ta sunsuna, ta tambaye ni ko da gaske kuɗi na ba wani ya ba ni wannan. Ta ce irinsa ne ke hawa dangar bayan ɗakinta, har sai ta sa a sare shi, akuya ma ba ta kallonsa. Ta ce in ina so baɗi ta kawo mini buhu guda in buɗe tawa butik ɗin, ita kuma in ɗauke ta aikin zuba murya. Mama ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa na ƙudura a raina cewa sai na nuna wa tsohuwar nan akwai abin da dangarta ba ta haifa ba.

Kwana biyu ina lallashi. Na ce mata ganye ne zalla, kamar ƙunshin lalle, bambancin kawai wannan ba ya barin ja. Ta ce in karanta mata abin da aka rubuta. Na ɗaga kwalin, sai na ga rubutun ba Faransanci ba ne, wasu 'yan zane-zane ne kamar sawun tururuwa a kan gari. Ban nuna ba. Na gyara murya na karanta mata cewa an yi shi musamman don tsofaffi masu daraja, yana rufe faso, yana sa barci, yana ƙara hasken ido. Ta ce wannan ai ya fi malamin garinsu aiki. Abin da ya sa ta yarda dai ba karatuna ba ne. Ta kalli ƙafarta, sannan ta ce lokacin da aka kawo ta gidan kakanmu, in aka yi mata lalle har mata ke zuwa daga wani ƙauye su gani, shi kuma marigayi ya riƙa neman dalilin wucewa ta ƙofar ɗakinta. Ta miƙo ƙafafun ta ce in yi abin da zan yi kafin ta sake tunani.

Bayan azahar na zura mata safar na ɗaure. Ba a jima ba ta ce wajen fason yana mata raɗaɗi kamar an zuba barkono. Na ce mata ai aikin ke nan, maganin da ba ya zafi ruwa ne. Ni ban san tsawon lokacin da ya kamata a bari ba, sai na yi lissafin kaina cewa ƙafa irin ta Kaka sai an ninka mata, don haka ban cire ba sai da aka kira la'asar ta ce za ta yi alwala. Muka wanke. Babu abin da ya canza. Washegari ma haka, jibi ma haka. Kaka ta samu abin yi. Duk wanda ya shigo gidan sai ta ɗaga masa ƙafa ta ce ya zo ya ga ƙafar amarya, likitar gida ce ta gyara. Raina ya ɓaci, na ɗauko kwali na biyu, wanda na saya don kaina, na sake ɗaura mata, na kuma bi da dutsen goge ƙafa ina dirza kamar mai wanke tukunyar biki. Ta ce in yi a hankali, na ce ta yi haƙuri, kyau ba ya zuwa a banza.

Da abin ya tashi zuwa kuwa, gaba ɗaya ya zo. Wata safiya na ga fatar tafin ƙafarta ta ɗago a gefe kamar ɓawon rogo. Na ja kaɗan, ta biyo ni. Na ƙara ja, ta ƙara biyowa. Na cire wani falle da in an kai wa majema za su iya yin jakar layu da shi. A ƙasansa ga wata sabuwar fata jajir, mai laushi kamar jinjirin ɓera. Na yi ta rawa a ɗaki. Ita ma Kaka a ranar ta ji daɗi, ta kira Mama ta zo ta taɓa, tana cewa rabonta da ganin wannan ƙafar tun zamanin da ake zuwa Damagaram a kan jaki. Ni kuma duk inda na ga fata ta ɗan ɗago sai na ɓare, har wadda ba ta shirya fita ba.

Da rana ta take ta fito za ta zaga bayi kamar yadda ta saba, ba takalmi. Tana ɗora ƙafa a kan sumunti ta yi wata ƙara da ban taɓa ji daga bakinta ba, ta dafa bango ta zauna a wurin. Mu muka ɗauke ta ni da Mama. Kafin a kwana biyu fason da na ce zai rufe ya buɗe baki, dugadugan suka kumbura suna tsattsafo da ruwa, ko tabarma ba ta iya takawa. Sallah ma a zaune take yi.

Maƙwabciyarmu, wadda muke kira Tanti, ma'aikaciyar jinya ce, Kirista, kuma tun ina goyo ita ke mini allura, shi ya sa ita kaɗai nake tsoro a unguwar. Ranar Lahadi tana dawowa daga majami'a Mama ta tare ta a ƙofa, ta shigo da kayan adonta ta durƙusa gaban Kaka. Ta duba ƙafar, ba ta tambayi wanda ya yi ba, ta dai juyo ta kalle ni. Ta aika aka ɗauko mata 'yar na'urarta ta soki yatsan Kaka ta auna, sannan ta sauke ajiyar zuciya ta ce mu gode wa Allah tsohuwa ba ta da ciwon suga, don da tana da shi, da maganar da ake yi yanzu ta yanke ƙafa ce. Ta ce a kawo mata kwalin. Ta nuna mini hoton ganyen ta ce ganyen yana jikin kwali ne, abin da ke ciki ruwa ne mai cin fata, kuma ko da ganyen ne, ai tunfafiya ma ganye ce, in je in ɗiga ruwanta a ido in gani. Ta wanke ciwon ta naɗe da bandeji, ta rubuta maganin da za a sayo a farmasi, ta ce kada ƙafar nan ta taɓa ƙasa ko ruwa sai ta warke, kuma warkewar ba ta kusa ba ce. Kaka ta tambaye ta ko za a kai faɗuwar ruwa. Tanti ta ce, Inna, wannan sai dai mu roƙi Allah ya ɗan jinkirta hadarin.

Hadarin bai jinkirta ba. A cikin makon Baffa ya bugo wa Baba waya da sassafe ya ce ruwa ya sauka a Dogo kamar da bakin ƙwarya, laima ta yi zurfi, gari duk ya fita shuka. Ga 'yan birni irina da ba su sani ba, shukar gero aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana gaba da sungumi yana saran ramuka, ɗaya yana biye da ƙoƙon iri, yana jefa 'yan ƙwayoyi a rami, ya turo ƙasa da ƙafa ya rufe, ya danna da dunduniya, ya wuce na gaba ba tare da ya tsaya ba. Kuma laimar ruwan fari ba ta jiran kowa, rana na dukanta za ta gudu. Wato wannan kaushin da na yi ta dirzawa ina tsaki, shi ne kayan aikin Kaka, shi ne takalmin da ta yi shekara da shekaru tana ɗinka wa kanta. Ni ban taɓa tambayar me take yi da shi ba. Na ga abu ba kyan gani, na cire.

Kaka na jin wayar ta jawo ƙullinta ta ɗaure, ta dafa kafaɗata ta miƙe. Ba ta kai ƙofar zaure ba bandejin ya jiƙe. Baba ya ce, Inna, don Allah ki koma ki zauna, ba inda za ki je da wannan ƙafar. Ta ce ko da rarrafe sai ta je. Ya ce in ta je da rarrafe da me za ta rufe ramin. Ta juya na mayar da ita ɗaki.

Da yamma Baffa ya sake bugowa. Ba zan ce mugu ba ne, don duk manomin da ya ga kwari ya sha ruwa yana zaune ba iri, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Ya ce ya shuke kwarin gayaunar da irinsa kada laimar ta tafi a banza, tudun ne bai samu kaiwa ba. A al'adar can kuwa wanda ya shuka shi ke nome, shi ke girbe. Ya ƙara da cewa ai Inna da bakinta ta ce ranar da ƙafarta ta kasa rufe rami a ɗauka, to ga ranar Allah ya kawo, ta huta haka nan, hatsinta yana wuyansa har ƙarshen rayuwarta. Baba ya sa wayar a fili kowa na ji. Kaka ta ce a gaya masa ta ji, Allah ya yi albarka.

Na so a ce ta zage ni. Na so ta jefe ni da mafici kamar yadda ta saba. Ba ta yi ba. Ta daina kirana mai bakin ganga, ta koma kirana da sunana na yanka, a hankali, kamar 'yar maƙwabta da aka aiko. In na kawo mata fura ta ce an gode. Na yi duk wasannin da na iya, na kwaikwayi tafiyar Tanti, na kwaikwayi muryar mai butik, ta yi ɗan murmushin da ake wa baƙo. Yini take a bakin taga tana kallon gabas. Ni da ba a taɓa jin shiruna ba sai ga ni ina cin tuwo ba magana, har Mama ta taɓa goshina ta ji ko zazzaɓi ne.

Ranar da muka gama jarrabawar ƙarshen shekara na samu Baba na ce ya bar ni in kai Kaka gida, in ruwa na biyu ya sauka ni zan shuka mata tudun, don in ya wuce wannan karon shi ma ya tafi. Baba ya dube ni sama da ƙasa ya ce ni da bidon ruwa, wato jarka, ke kayarwa. Mama ce ta sa baki, ta ce a bar ta ta je, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Tanti ta yarda da sharaɗin cewa Kaka za ta je ne a matsayin mai kallo, ta koya mini wanke ciwon da naɗe shi, ta ce in na ƙara gwada wani abu daga cikin waya a jikin tsohuwar nan ita da kanta za ta zo Dogo da allura mafi girma a asibitinsu.

Mun jima a ƙauye muna jiran ruwa. Kullum hadari ya haɗu, iska ta watsa shi. Na ga dangar da ake magana, ga soso nan kuwa rututu, na kawar da kai. Da ruwan ya zo, tun da sassafe aka ɗora Kaka a amalanke aka kai ta ƙarƙashin wata aduwa a bakin gonar, ƙafafunta a naɗe kamar ƙunshin goro. Ina tsaye da ƙoƙon iri ina tunanin wa zai yi mini sara, sai ga Baffa da sungumi a kafaɗa. Ya gaishe da uwarsa, bai kalli kwarin da dawarsa ta riga ta tsiro ba, ita ma ba ta kalla ba, ya shiga saran ramuka. Na bi shi da silifas ɗina masu fure. Kafin ƙarshen layin farko ɗaya ya tsinke, ɗayan ya nutse a rairayi, har yau ban gan shi ba. Na ci gaba ba takalmi. Duk wata ƙaya da ke ƙasar Dogo ta samu labarin zuwana ta zo gaisuwa. Wani ramin in zuba masa cikin hannu guda, wani in ba shi ƙwaya biyu, wani in tsallake shi, wani in danna shi har ƙafata ta shige. Baffa ya yi mini nisa kamar zai shiga wata ƙasa.

Can sai na ji murya daga ƙarƙashin aduwa. Kaka ce ke tambaya ko iri nake shukawa ko sadaka nake raba wa tsuntsaye. Ta ce in daina rawa a kan ramin, ba biki aka zo ba, in tura da gefen ƙafa in danna da dunduniya sau ɗaya in wuce. Ta ce tun da take ba ta taɓa ganin mutum mai ƙafa biyu duk na hagu ba sai yau, kuma da bakina ne ke rufe ramin da tuni an gama gonar har da ta maƙwabta, mai bakin ganga kawai. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Ina tafe ina jefa iri, hawaye na zuba, na bar Baffa ya ɗauka ƙayar ce. Kafin rana ta take tafin ƙafata ya yi bororo, da aka tashi ni aka ɗora a amalanken kusa da ita, muka koma gida marasa ƙafa biyu.

Geron ya tsiro. Layukana dai kowa ya gan su ya san ba hannun gari ba ne, wani wuri cunkus wani wuri fayau kamar kan mai makero, har mutane na ratsowa su kalla su yi nishaɗi. Amma ya yi, an ɗaure dammuna, an sa a rumbunta, kuma tudun ya zauna a hannunta. Kwarin ne bai dawo ba. Baffa ya riƙe shi, Baba ya goyi bayansa cewa aikin ya yi mata yawa, kuma duk lokacin girbi yana kawo mata hatsin da ya fi abin da za ta ci. Tana karɓa ta yi godiya. Sai dai kuɓewa da yakuwa ba sa yi a tudu, don haka yanzu in ta zo birni ƙullinta ƙarami ne, kuma takan tsaya a ƙofa tana ba Mama haƙuri cewa ba ta riƙo komai ba. Ƙafar ta warke, amma kaushin shekara sittin ba ya dawowa a damina ɗaya. Da takalmi take ratsa tsakar gidanmu yanzu, tana ja kamar an ɗaura mata dutse. Bara na koma shuka, bana ma na koma. Ita ke rufe layin farko a hankali, sannan ta miƙo mini ƙoƙon.

Ban rubuto wannan don in ce kayan gyaran jiki haram ba ne, ko kula da muhalli wasa ne. Har gobe ina faɗa da Baba a kan leda, kuma man nan na rana ya yi mini amfani a gona. Abin da nake gaya wa 'yan uwana 'yan mata masu salula shi ne, hoton ganye a jikin kwali ba shaida ba ce. In mai sayarwa na bayani ku ajiye waya ku saurara, ku faɗa mata gaskiyar wanda zai yi amfani da abin. Rubutun da ba ku iya karantawa ba kada ku ƙirƙiro masa fassara. Jikin tsoho kuma ba wurin gwaji ba ne, musamman inda akwai rauni, ku nemi ma'aikacin lafiya tukuna. Abin da ya fi waɗannan duka, kafin ku gyara wa mutum wani abu a jikinsa don ku bai yi muku kyau ba, ku tambaye shi me yake yi da shi.

Na daɗe ban iya roƙonta gafara baki da baki ba, don mu biyu ba mu saba maganar da babu wasa a ciki ba. Sai bana, muna zaune ƙarƙashin aduwar nan muna shan fura, na ce mata ta yafe mini. Ta ce ta yafe tun ranar da ta ga na shiga gona da takalmi mai fure, kuma ita ma da laifinta, tsohuwa da son a ce ƙafarta ta yi kyau. Sai ta ɗaga kai ta dubi kwarin, inda dawar Baffa ke kaɗawa, ta ce in sha furata in tashi, rana na yi, sauran tudun ba zai shuka kansa ba.